Gawa a Cikin Ƙanƙara



Ranar 12 ga Janairun 1967, a jihar Kalifoniya ta Amurka, aka daskarar da gawar wani malamin jami'a, James Bedford, da fatan wata rana likitoci za su tashe shi. Har yau gawar tana ajiye a cibiyar Alcor da ke Arizona, cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Daga shi har waɗanda suka biyo bayansa, babu ko ɗaya da aka farfaɗo da shi.

Uwargida ta san dalili. Ki sa tumatir a firiza ya ƙanƙare, ki fito da shi ya narke: sai ya saki jiki, ruwa na tsiyaya. To, jikin ɗan Adam ma fiye da rabinsa ruwa ne. Ƙanƙara takan fara taruwa a tsakanin ƙwayoyin halitta, ta janye ruwan cikinsu, gishiri ya yi musu yawa, su yanƙwane. Tsinin ƙanƙarar kuma ya yayyaga ƙananan jijiyoyin jini.

Yanzu masu wannan aiki sukan zuƙe jini, su ɗura sinadaran hana ƙanƙara, jiki ya sandare kamar gilashi. Sai dai sinadaran suna cutar da ƙwayoyin, tsananin sanyi kuma yana tsattsaga gaɓoɓi.

Ilimin daskararwa yana da amfaninsa: da shi ake adana jini da ƙwayayen haihuwa. Can ya kamata kuɗi da ƙwazo su nufa, wajen neman hanyar adana gaɓoɓi domin marasa lafiyar da ke jiran dashen ƙoda. Wanda ya rasu, haƙƙinsa a kanmu sutura ce da addu'a.

Mu kwana nan.