Gyambon Kwanciya da Cimar Tsofaffinmu



Mu 'yan Tsaskiya, ta ƙasar Safana, mun tashi mun tarar ana jinyar tsoho a ɗakinsa. Idan shanyewar ɓarin jiki ko karaya ta kwantar da shi, ba a daɗewa sai miki ya buɗe a ƙugunsa, ko ƙasan gadon bayansa, ko dugadugansa. Shi ne gyambon kwanciya. Dalilinsa kuwa, nauyin jiki yakan danne fata tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ya kasa ratsawa, naman wurin ya mutu. Mukan wanke, mu ɗaure, mu yi addu'a, amma kuma mu bar majinyacin da koko zalla safe da yamma. A kan wannan cima za mu yi magana yau.

Jiki ba ya cike rami sai da kayan gini, watau furotin. Ƙa'idar da ƙungiyoyin masana wannan ciwo na Turai da Amurka da yankin Pasifik suka fitar a 2019 ta ce majinyacin da ba ya samun isasshen abinci yana bukatar kalori 30 zuwa 35, da furotin giram 1.2 zuwa 1.5, ga kowane kilo na nauyinsa a kullum. Ke nan tsoho mai kilo 50 yana bukatar giram 60 zuwa 75. Ƙwai guda kuwa wajen giram 6 ne ke cikinsa. To, ina koko zai kai?

A ƙasashen da ke da hali akwai abin sha na gwangwani da ake haɗawa domin irin waɗannan majinyata. A 2015 likitocin Italiya sun buga sakamakon gwaji a kan majinyata 200 masu ƙarancin abinci. Waɗanda aka ƙara wa sinadaran ajinin da zinki da bitamin, faɗin gyambonsu ya ragu da kusan kashi 61 cikin 100 a makonni 8, na sauran kuwa da kusan kashi 45. Lalle akwai bambanci, amma mu lura, dukansu an ba su ƙarin furotin da kalori, ana kuma kula da mikin.

Wannan gwangwani ya fi ƙarfin talakan ƙauye, balle yanzu da satar shanu da hare-haren 'yan bindiga a gefen dajin Rugu suka raba mutanen Batsari da Safana da yawa da gonakinsu da garkunansu. Duk da haka ba mu rasa abin yi ba. Wake, da awarar waken suya, da ƙuliƙuli, da kunun gyaɗa, da nono, da ƙwai, duk suna ɗauke da furotin. Nama da hanta suna ba da zinki, gwaiba da lemo da zogale kuma bitamin C. Tsohon da ba shi da haƙora a dama masa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini, tare da isasshen ruwa. Mai ciwon ƙoda ko ciwon suga kuwa, sai an nemi shawarar likita tukuna.

Abinci kaɗai ba ya warkarwa. Wajibi ne a riƙa juya majinyaci kamar bayan kowace awa biyu, a tsabtace shimfiɗa ta zama busasshiya. Idan miki ya yi wari, ko ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, a garzaya asibiti.

'Yan'uwa, waɗannan tsofaffi su ne suka sayar da hatsi da awaki muka yi karatu. Saboda haka idan albashi ko alawus ya zo, kafin mu aika da turmin atamfa, mu fara aika tiyar wake da kuɗin ƙwai da nono, mu kuma zauna mu bayyana wa iyayenmu mata masu jinya dalili. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.