Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu Na Gedambaliya



Abin da ya tara mu yau shi ne maganar man fetur da man dizal da ake ajiyewa cikin tankuna a ƙarƙashin ƙasa, da yadda ake gano ɓarnarsu idan sun tsiyaya.

Kamar yadda dattawanmu suka sani, a nan Gedambaliya aka fara noman dawa da tarakta a ƙasar Sudan, a tsakiyar shekarun 1940, zamanin Turawan Ingila. A 1968 aka kafa hukumar noman injuna, a 1970 kuma doka ta mayar da duk ƙasar da ba ta da rajista hannun gwamnati. Gonaki suka faɗaɗa, burtali ya ƙuntata, mashaya ta ragu. To, tarakta ba ta tafiya sai da mai, mai kuwa sai da wurin ajiya. Wato kusan shekara 80 ke nan ana ajiye mai a wannan yanki na Gadarif. Wanda mashayarsa ta yi kaɗan, rasa rijiya guda ba ƙaramar asara ba ce gare shi.

Tankin ƙarfe da aka binne yana tsatsa, mahaɗin bututu yana saki. Baƙar ƙasarmu kuwa tana kumbura da damina, ta tsage da rani, wannan motsi yana jijjiga bututu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Man da ya zube yakan bi tsaga ya nutsa, ya kwanta a bisa ruwan ƙasa saboda ya fi shi rashin nauyi, wani sashensa ya narke ya bi ruwan zuwa rijiya. Cikin fetur akwai wani sinadari mai jawo sankarar jini, sunansa benzin, wanda ya yi daidai da sunan da ake kiran fetur ɗin kansa a nan Sudan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce kashi 1 cikin miliyan 100 a ruwan sha. Saniyar da ƙishirwa ta sa ta sha mai kuwa takan kumbura, huhunta ya kamu, ta rame, darajarta ta faɗi a kara.

An ga haka a wasu ƙasashe. A Amurka an tabbatar da tsiyayar irin waɗannan tankuna fiye da sau 500,000, har gwamnati ta kafa ƙa'idoji a 1988, ta ba masu tsofaffin tankuna wa'adi zuwa 1998 su gyara ko su rufe. A ƙasar Ogoni ta Nijeriya, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya sami tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a bisa ruwan ƙasa a Nisisioken Ogale, kusa da wani bututu, benzin a rijiyoyin ya ninka ƙa'ida fiye da sau 900.

Yaya ake binciken? Da farko lissafi: man da tanka ta sauke, da wanda aka sayar, da abin da sandar awo ta nuna. In kullum akwai giɓi, to wani wuri yake tafiya. Na biyu, a toshe tanki da bututu a gwada ko suna riƙe iska. Na uku, a haƙa ramuka kewaye da wurin, a ɗebi ƙasa daga zurfi daban-daban, a kafa ƙananan rijiyoyin gwaji aƙalla 3, domin da su ake gane inda ruwan ƙasa ya dosa da rijiyar wa zai fara isa. Na huɗu, a cika kwalbar gilashi taf, a rufe, a sa a sanyi, a kai ɗakin gwaji da sauri, domin fetur yana bin iska. Binciken da bai bi waɗannan matakai ba, kada mu sa masa hannu.

Namu aikin shi ne mu ne idon farko. In mun ji warin mai a guga, ko mun ga launin bakan gizo a kan ruwan tafki, ko shanu sun sunsuna sun juya, mu janye iyali da dukiya daga wurin. Kada a kunna ashana a bakin rijiyar. Tacewa da ƙyalle ba ta raba ruwa da wannan guba. A rubuta rana da wuri gaban shaidu, a kira malamin dabbobi ya duba wadda ta kamu ya ba da takarda, sannan mu kai ƙara tare wurin shugabanni da hukumar ruwa. Kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa.

Buƙatunmu ga hukuma uku ne: a ƙidaya tankunan da ke binne, har da waɗanda aka yi watsi da su a zangon gonaki, a hana binne sabo kusa da rijiya ko tafki ko burtali, wanda tankinsa ya ɓata ruwa ya biya kuɗin bincike da gyara, ya kawo ruwa kafin a gama.

Allah Ya kare mana dukiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.