Tsohuwar Mota Mai Misin: A San Ciwon Kafin A Sayo Magani



Watakila waɗansu za su yi mamakin jin cewa maganar inji muka zo da ita yau, maganar da aka saba bar wa kanikawa da yaran mota. To, ga dalilinmu. Duk wanda ya taɓa zagawa bayan wata ma'aikata ko sakatariyar ƙaramar hukuma ya ga motoci jere a kan duwatsu, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu. Ba duka ne haɗari ya kwantar ba. Waɗansu ƙaramin ciwo ne aka yi ta sayo masa magani ba a san shi ba, har kuɗin gyara ya ƙare, aka daga su aka cire tayoyin. Wanda kuwa ya riƙa sa hannu a bocan sayen kayan nan, irinmu ne, mai takardar digiri, wanda bai taɓa leƙa cikin bonet ba. Motar da ta kwanta ta yiwu ita kaɗai ce ke kai taki ƙauye, ko ke ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti.

Ciwon da za mu ɗauka shi ne wanda kanikawa ke kira misin, watau inji ya riƙa tsallake bugu, yana jijjiga, yana shaƙewa, ƙarfinsa ya ragu. Motocin da muke nufi su ne tsofaffi masu kafireta da distiributa: akori-kurar Peugeot irin wadda kamfanin da aka buɗe a Kaduna a 1975 ya yi ta harhaɗawa, da Land Cruiser mai injin 2F, da tsohuwar Bedford mai shan fetur. Motar zamani tana da kwamfuta. Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa sababbin motoci tsarin da za a jona na'ura ta karanto laifinsu, ta nuna P0301, a san silinda ta ɗaya ce ke tsallake. Tsohuwar mota ba ta da bakin faɗa. Sai dai a tambaye ta da kunne da ido da hannu, kuma a tambaye ta bi da bi.

Kowace silinda tana bukatar abu uku kafin ta buga: gaurayen iska da fetur daidai gwargwado, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur a ma'aunin nauyi, matsi mai ƙarfi sa'ad da fistin ya hau, da tartsatsin wuta a kan kari. In ɗaya ya ɓace, bugu ya ɓace. Injin da ke juyi 600 a minti yana tsaye, kowace silindarsa tana bugu 300 a mintin nan. In silinda guda cikin huɗu ta mutu, rubu'in man da aka zuba yana fita ta salansa ɗanye, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ba wanda ke bukatar a yi masa lissafin wannan. Asarar ma ba ta tsaya nan ba. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, sai a wayi gari ciwon fulogi guda ya zama na sauke inji.

Tambaya ta farko ba ta bukatar sifana, direba ake yi wa ita: yaushe motar ke yi? Wannan tambaya ita ce aka fi rainawa, alhali rabin aikin yana cikinta. In tana rawa a sulo amma ta daidaita da an taka totur, a zargi iskar sata da ke shiga ta tsagaggen tiyo ko gaskit ɗin gindin kafireta, ko kuwa ɗan jet ɗin sulo ya toshe. In lafiya lau take a miƙaƙƙiyar hanya, sai an ɗora mata kaya ta kama hawa irin Hawan Kibo ta fara cijewa, to ko wuta ce ba ta da ƙarfi, ko mai ne ba ya isowa. Dalilin na farko kuwa shi ne, gwargwadon yawan matsi a cikin silinda, gwargwadon wahalar da tartsatsi ke sha kafin ya tsallaka bakin fulogi. Saboda haka wutar da ta wadatar a gareji tana iya kasawa a kan tudu. In sai ta yi zafi take yi, a tuna da kwayil, ko fetur da ke tafasa cikin bututu kusa da inji. In kuwa da safiyar damina ce, ta warke da rana ta ɗaga, raɓa ce ta sami tsaga a murfin distiributa.

Tambaya ta biyu: silinda guda ce, ko ciwon yawo yake yi? Ga yadda ake sani. A ta da inji a bar shi a sulo, a sa filaya mai roba a hannu, a zare wayar fulogi ɗaya, a saurara, a mayar, a wuce ta gaba. Silinda mai rai, da an zare wayarta inji zai ƙara rawa, juyinsa ya faɗi. Wadda aka zare tata amma ba abin da ya sake, ita ce matacciya. Muka ce filaya mai roba domin kwayil yana ɗaga bolt 12 na batir zuwa dubbai masu yawa, kuma wanda ya taɓa shan wannan fizga ba ya bukatar a maimaita masa. In an sami matacciya guda, an huta da zargin tanki da famfon mai da kwayil, gama waɗannan na kowa da kowa ne, ba za su zaɓi silinda guda su hana ta ba. Abin da ya rage shi ne nata na kanta: fulogi, waya, bawul, ringi. Dubi yawan kayan da gwajin minti biyar ya fitar daga jerin sayayya.

Sai a kwance fulogin a karanta shi. Bakinsa in ruwan ƙasa ne mai haske, lafiya. Baƙin kunkunniya busasshe, mai ya yi yawa: cok ya maƙale, ko kafireta tana ambaliya, ko ƙurar hunturu ta cushe matatar iska. Baƙi mai danƙo, baƙin mai ne ke haurowa ta ringi ko ta hanyar bawul. Fari fat kamar alli, mai ya yi kaɗan, silinda tana zafi fiye da kima. Kafin a sayi sabo, a yi musaya: a kai fulogin da ake zargi wata silinda, a kawo nata nan. In ciwon ya bi fulogi, an kama ɓarawo. In ya zauna inda yake, a yi wa wayar irin wannan musaya. Da dare ma, in an buɗe bonet cikin duhu, wayar da ta tsage takan tona kanta da shuɗin tartsatsi. Haka kuma a tabbata ba a harɗe wayoyin ba a gyaran baya: jerin bugun mai silinda huɗu irin Peugeot 1-3-4-2 ne, na masu shida a jere kuwa 1-5-3-6-2-4.

In ciwon yawo yake yi, yanzu nan anjima can, sai a koma ga kayan tarayya, a fara da distiributa. Kwantak yakan ƙone ko ya rufe. Tazararsa a yawancin waɗannan injuna wajen milimita 0.4 ce, kuma da ta sake, tayimin ya sake tare da ita. Kwandansa abu ne ɗan ƙarami mai araha, amma in ya lalace yana cinye kwantak sabo fil cikin 'yan kwanaki. A girgiza sandar distiributa a ji ko tana lilo. Bayan nan a zo ga mai: a tsiyayo kaɗan a farar kwalba a ajiye. Ruwa zai kwanta a ƙasa, tsatsar tanki ma haka. Fetur ɗin 'yan bumburutu da aka surka da kananzir yana sa ƙwanƙwasa da hayaƙi, kuma ba a gefen titi kaɗai ake gamuwa da gurɓataccen mai ba. A farkon 2022 an shigo ƙasar nan da fetur mai yawan sinadarin metanol, aka janye shi daga gidajen mai bayan masu motoci sun koka.

Mun jinkirta kafireta da gangan. Ita ce ake fara tuhuma a kowane gareji, domin tana sama, sukurorinta suna kusa da hannu. Sai a murɗa wannan a murɗa wancan don a rufe laifin da ke cikin distiributa, mota ta fita da ciwo biyu maimakon ɗaya. Ba a taɓa kafireta sai wuta ta tabbata, tayimin ya zauna.

Saura matsi, inda kuɗi mai yawa yake. Ana auna shi da geji a ramin fulogi, inji da ɗumi, totur a buɗe. Abin dubawa shi ne kada silindu su bambanta da juna fiye da wajen kashi 10 cikin 100. In guda ta yi ƙasa, a zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai a sake aunawa. In matsi ya hau, ringi ne ya ci, man ya toshe kafar na ɗan lokaci. In bai motsa ba, bawul ne. In maƙwabta biyu suka faɗi tare, gaskit ɗin kan inji ya ƙone a tsakaninsu, sau da yawa har a ga kumfa a lagireto. Amma fa kafin a yanke hukuncin cire kan inji, a duba tazarar bawul. Da yawa cikin injunan nan an ƙera su ne a zamanin fetur mai gubar dalma, wadda ke kare mazaunin bawul. An daina wannan fetur don lafiyar jama'a, Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Ba tare da dalma ba, a injin da mazauninsa ba mai tauri ba ne, bawul ɗin hayaƙi yakan nutse sannu a hankali, tazararsa ta rufe, ya kasa zama daram, matsi ya zurare. In an farga da wuri, saiti ne na sa'a guda. In an bari, bawul ya ƙone.

Masu hulɗa da manyan motocin gas irin Mercedes 911, hanyar ɗaya ce ko da yake babu fulogi. Maimakon zare waya, sassauta notin bututun nozul ake yi ɗaya bayan ɗaya a saurari inji, a kuma nisanta hannu daga feshin, don yana iya huda fata. Ciwon da ya game duka silindu kuwa, galibi iska ce ta shiga layin mai, ko filta ta toshe.

Ba muna cewa ku ƙwace sifana daga hannun bakanike ba. Tsohon bakanike da ya shekara talatin yana sauraren injuna yana jin abin da ba za mu ji ba, kuma ya cancanci a girmama shi, a biya shi ladan bincike, ba ladan ɗaura kaya kaɗai ba. Wanda ba a biyansa sai ya sake wani abu, lalle zai sami abin sakewa. Abin da ke wuyanmu shi ne, ranar da fayil ya iso teburinmu ana neman kuɗin sabuwar kafireta ko na sauke inji, mu rubuta tambayoyi a gefensa kafin mu sa hannu. Yaushe motar ke yi? Wace silinda ce? Wane launi ne a bakin fulogi? Nawa geji ya nuna a kowace silinda, kafin a zuba mai da bayan an zuba? A rubuta lambobin a littafin motar tare da kwanan wata, kayan da aka cire kuma a mayar da su sito.

Wanda ke da tambaya, bismilla.