Jawabi a Kan Gyaran Ramukan Kuza



An ce in yi magana a kan ramukan kuza da suka kewaye mu, daga Jos zuwa Bukuru har Barikin Ladi. To jama'a, kowa ya san kuza ce ta kawo da yawa daga cikin kakanninmu nan, tun da Turawa suka fara haƙa a farkon shekarun 1900. Da ma harkar tana ja da baya, sai a 1985 kasuwar kuza ta duniya ta faɗi. Aiki ya tsaya, aka bar mu da tsibin ƙasa da kududdufai fiye da dubu, waɗanda suke cin yaranmu da dabbobinmu.

Ba yau aka fara maganar gyara ba. Tun 1946 doka ta ce wanda ya haƙa ya gyara. Gwamnati ta baje wasu tsibin, ta dasa itatuwan turare, amma abin da aka gyara bai taka kara ya karya ba.

Me ya sa filin kuza ba ya ba da amfani? Domin wajen haƙa an birkice ƙasar. Ta sama mai albarka ta koma ƙarƙashi, yumɓu da yashi masu tsami suka hau bisa. Amma ku dubi 'yan lambu na bakin Dilimi. Tokar juji suke zubawa da taki, toka ta kashe tsamin, su ja ruwa su yi ban-ruwa. Ga tumatir, ga kabeji, ga karas har Kudu. Ashe ƙasar ba ta mutu ba, jinya take bukata.

Saboda haka roƙona uku ne. Na farko, duk kududdufin da ke kusa da gidaje a kewaye shi da shinge, a hana yara wanka a ciki. Na biyu, a tsince batir da kwalba da leda daga juji kafin a kai gona, kuma a daina gini da baƙin yashin da aka wanke kuza, don yana ɗauke da sinadarai masu cutarwa. Na uku, dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa mai haƙa nauyin gyara wurin da ya haƙa. Masu haƙa a yau, ko da 'ya'yanmu ne, a gaya masu su ware ƙasar sama gefe, su cike rami in sun gama, su mai da ita.

Wannan aiki kuwa sai da hakimai da maƙwabtanmu Birom, don rami ba ya tambayar ƙabila. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

 Allah ya ba mu zaman lafiya.