Hanyoyi Daban, Mashigi Ɗaya: Yadda Cutar Korona Ke Rikiɗa



Cikin 'yan makonni, daga Disamban 2020 zuwa Janairun 2021, duniya ta ji labarin sababbin nau'o'in korona guda uku. Na farko, wanda daga baya aka raɗa wa suna Alfa, ya ɓulla a yankin Kent na Ingila. Na biyu, Beta, a Afirka ta Kudu. Na uku, Gama, a birnin Manaus na ƙasar Brazil. Tekuna ne suka raba wuraren nan, kuma da masana suka bi salsalar kowanne, sun tarar babu wanda ya haifi wani. Amma duka ukun suna ɗauke da canji iri ɗaya a gurbi ɗaya, wanda ake kira N501Y. Beta da Gama kuma sun ƙara haɗuwa a wani canjin, E484K. Shi wannan ɗin an sake samunsa a nau'in Eta, wanda aka gano a Nijeriya da Birtaniya a daidai wannan lokaci. Yaya aka yi haka? Wannan ita ce tambayar da na zo da ita yau.

Kundin gadon wannan ƙwayar cuta yana da haruffa kusan 30,000. Duk lokacin da ta shiga jikin mutum tana kwafar kanta, kuma a wajen kwafar akan yi kuskure. Mafi yawan kurakuran ba su tsinana mata komai, wasu ma kashe ta suke yi. Jefi-jefi ne ake dacewa da wanda zai taimake ta. Wadda ta samu wannan sa'a ta fi 'yan uwanta yaɗuwa, kafin a ankara zuriyarta ta mamaye gari. Abin da Charles Darwin ya bayyana ke nan a 1859, wato zaɓin yanayi. Kuskuren kansa ba shi da ido, amma tantancewar da ke biyo baya ba makauniya ba ce.

Ku duba wurin da abin ke faruwa. A jikin ƙwayar akwai wasu ƙayoyi na furotin da take maƙalewa da su a wata ƙofa ta ƙwayoyin jikinmu mai suna ACE2. Kan ƙayar nan ne kuma dakarun garkuwar jikinmu suka fi kai wa hari. To ƙwayar tana tsaka mai wuya: dole ta sauya kama don ta kuɓuta daga garkuwa, amma in ta sauya da yawa ƙofar ba za ta buɗe mata ba. Canjin N501Y yana ƙara mata ƙarfin riƙe ƙofar. E484K kuwa yana sa wasu dakarun garkuwa su kasa gane ta. Mafitar da ta cika sharuɗɗan biyu ba ta da yawa. Kamar mutanen ƙauyuka ne daban-daban da za su ƙetare kogi da damina: babu wanda ya yi shawara da wani, amma a mashigi ɗaya za ka tarar da su, domin nan ne kaɗai ruwa bai kai wuya ba.

Abin ya fi fitowa fili a 2022, bayan nau'in Omikron ya karaɗe duniya. 'Ya'yansa da jikokinsa suka yi ta rassa, irin su BQ.1.1 da XBB, kowanne da asalinsa, amma sai ga su suna ta canza gurabe guda a ƙayarsu: 346, 444, 460, 486. Tawagar Yunlong Cao ta Jami'ar Peking ta nuna dalili. Mutane da yawa sun riga sun samu garkuwa mai kama da juna, ta allura ko ta kamuwa, saboda haka matsin da ƙwayar ke fuskanta a Indiya shi ne take fuskanta a Turai da Afirka. Ta hanyar gwaji a ɗakin bincike, su da tawagar Jesse Bloom a Amurka sun iya nuna guraben da za su canza tun kafin canjin ya watsu. A ganina wannan na daga cikin manyan nasarorin kimiyya a zamanin annobar, ko da yake ba a yi ta yayata shi ba. Sai dai hasashen yana da iyaka. Omikron kansa, da canje-canje sama da 30 a ƙayarsa, ya zo wa kowa ba zato.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Da masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka sanar da Omikron a Nuwamban 2021, ladar da suka samu ita ce rufe wa ƙasashensu hanyoyin jiragen sama, kuma a Disamba Birtaniya ta saka Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ta rufe wa hanya. Alhali ilimin da muka tattauna yanzu ya nuna cewa canjin da ya yi wa ƙwayar rana zai iya tasowa a duk inda take yawo. An hukunta wanda ya gani ya faɗa.

Inda ya kamata a zuba ido shi ne marasa lafiya masu raunin garkuwa. An samu waɗanda ƙwayar ta yi watanni a jikinsu, tana tara irin canje-canjen da aka gani a manyan nau'o'in. Kula da mai cutar ƙanjamau ya samu maganinsa a kan kari, kariya ce gare shi da mu baki ɗaya.

Muna da abin farawa. Cibiyar ACEGID da ke Ede a Jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ce ta fara karanta kundin gadon korona a Afirka, a Maris na 2020. Roƙona ga shugabannin jami'o'inmu na Arewa da gwamnatocin jihohi shi ne su saka kuɗi a irin wannan aiki, su horar da matasan da za su riƙe shi. Ku kuma ɗalibai, fagen nan yana buƙatarku.