Kafaɗar Malami da Allo



An ba ni 'yan mintuna in yi magana kan lafiyar jiki. Ni ba likita ba ce, abin da ya same ni kawai zan faɗa. Bara kafaɗata ta dama ta ƙi ɗaguwa, har rubutu a saman allo ya gagare ni. Wata uku ina sayen diclofenac a wani kyamis ina haɗiya, sai da cikina ya fara zafi na tsorata. Ashe yawan shan irin wannan magani yana illa ga ciki da ƙoda. A sashen gashin ƙashi na Asibitin Ƙashi na Dala aka koya mini abin da ya fi ƙwayar amfani, wato miƙa jiki.

Aikinmu ne ke jawo mana. Hannu a sama wajen rubutu, baya a sunkuye kan ƙananan bencina wajen duba littattafan yara, ga tsayuwa tun daga taron safe har tashi. Naman jikin da ya daɗe a hali ɗaya yakan ƙage.

Miƙar tana da ƙa'ida. Kada a yi ta jiki na sanyi, musamman da hunturu. A fara zagaya harabar makaranta na minti biyar. A miƙa gaɓa a hankali, a riƙe na daƙiƙa 15 zuwa 30 ana numfashi, ba fizga. Jin an ɗan ja naman jiki daidai ne, amma da zarar ya zama zafi mai suka, a dakata. Kuma miƙa ba ta maye gurbin tafiya: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako.

Akwai inda miƙa ba ta kai. Ciwon baya da ke sauka ƙafa tare da mutuwar jiki ko rauni, ko kasa riƙe fitsari, maganar asibiti ce nan take, kada a tsaya wajen mai tausa. Masu ciwon sukari kuma su kula, ƙagewar kafaɗa ta fi samun su.

Roƙona ga shugaba shi ne a sa wannan cikin ajandar zama mai zuwa: minti biyar na miƙa jiki a taron safe, malamai tare da ɗalibai. Yara za su yi mana dariya makon farko, na sani, don nawa sun yi mini.