Albishir Ga Mai Nauyin Baki



A kasuwar Aboabo ta Tamale za ka ga saurayi, in ana ciniki bakinsa ya yi nauyi, amma da dare ya yi ta aika gajerun saƙonni a WhatsApp. Don me? A waya babu mai zuba masa ido, babu mai katse masa magana, in ya yi kuskure ya goge.

Kada ku raina shi. Musa ma mai nauyin baki ne, Allah kuwa ya aike shi wurin Fir'auna (Fitowa 4:10-12). Addu'ar mai karɓar haraji gajeruwa ce, aka karɓe ta (Luka 18:13-14).

Ɗan'uwa, kalmominka kaɗan sun isa. Kawo su wurin Yesu yau.